Rigar Baba Mamani Ta Yi Yawa

Dakoro, watan Azumin Tsofaffi, 1954

Daga ƙanenki Sha'ibu ɗan Mamani, mai hatsi a kasuwar Dakoro, zuwa ga Yaya Furera a birnin Katsina. Gaisuwa da ladabi da fatan alheri. Ina gaida maigidanki da yara da duk mai cin tuwon gidan. Mu nan lafiya lau. Ladidi matata ta durƙusa tana gaishe ki. Zafi ya kama, rijiyoyi sun yi ƙasa, amma hatsi bai yi tsada ba, alhamdu lillahi.

Bayan haka, Yaya, na ce lafiya lau ne don da haka ake buɗe takarda. Akwai magana. Wata Juma'a a masallaci na yi sujada na kasa tasowa. Kunnuwana suka ɗauki ƙara, idona ya rufe, liman ya yi sallama ina nan a kife. Mutum huɗu suka ɗaga ni, ɗayansu har yau yana dafe da ƙugu, in ya hango ni sai ya sake hanya.

Aka kai ni gidan likita na bayan bariki. Akwai wani lokotoro a can, Samba, mutumin Sanigal, dogo siriri kamar karan dawa. Ya ɗaura mini wani abu a damtse ya yi ta hura shi har na ce hannun zai tsinke. Sannan ya sa tafinta ya tambaye ni abin da nake ci tun daga safe. Na faɗa masa gaskiya. Fura da kindirmo da sukari in na dawo daga masallaci. Shayi da Buzayen da ke sauka gidana, kofi uku uku, kuma kin san ba a rasa baƙo. Tuwon rana da man shanu har ya kwanta a kan miya. Balangu da la'asar, wajen kitsen. Tun ina faɗa yana rubutawa, har ya ajiye alƙalami ya tsaya yana kallona.

Ya ce jinina ya yi ƙarfi yana hawa kai, zuciyata kuwa jaki ce da aka ɗora wa kayan raƙumi. Na miƙa hannu a yi mini allura, ya ce babu. Na ce to a ba ni ƙwaya, ya ce ita ma ba ita ce maganar ba. Maganin wai in bar man shanu da kitse da sukari, a rage gishiri, a rage malmalar tuwo, kuma kullum da safe in taka da ƙafata zuwa tsohuwar rijiya ta hanyar Bader Gula in dawo, doki yana ɗaure a gida yana cin harawa. In ban yi ba, ya ce faɗuwa ta gaba mutum huɗu za su sake ɗauka ta, amma ba gida za su kai ni ba.

Ni dai ban gane ba. Tun da nake ban taɓa jin an ƙwace wa mutum akushi an ce an ba shi magani ba. Amma Ladidi tana tsaye a bakin ƙofa ta ji komai, ta kuwa riƙe maganar kamar daga bakin liman ta fito. Tun ranar ƙwaryar man shanu ta ɓace daga ɗakina.

To ga roƙona, kuma da nauyi nake yin sa. Nakiya da alkakin da kike aiko mini kowace shekara kafin azumi, bana ki riƙe su. Na san aikin hannunki ne, na san ba a mai da hannun kyauta baya. Ki yi mini uzuri. Allah ya bar zumunci. Haza wasalam.

*

Katsina, watan Sha'aban

Daga Furera 'yar Mamani zuwa ga ƙanena Sha'ibu, da alƙalamin Malam Bubakar maƙwabcinmu. Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai gwiwoyina da ba su son tashi. A gaida yara. A gaida Ladidi.

Sha'ibu, Malam ya karanta mini takardarka, na sa ya maimaita, don na zaci idonsa ne ya fara lalacewa. Wai in riƙe nakiyata! Ni da na goya ka ran da Inna ta rasu, na tauna na ba ka a baki, yau ni ake aiko wa in riƙe hannuna saboda maganar wani baƙo. Mutumin da bai iya sa wa jikinsa nama ba, shi zai koya wa ɗan Mamani cin abinci? Wane irin likita ne wannan da ba allura ba ƙwaya? Ko dai kayan aikin ne suka ƙare masa ya ji kunyar faɗa?

Faɗuwa a masallaci ba a kanka aka fara ba. Zafi ne, ko kuwa bakin mutane, don mai jiki irin naka ba ya rasa masu kallo. Ka sa a yi maka rubutu ka sha, ka yi sadaka da farin zakara, shi ke nan.

Ka saurare ni da kyau. Ƙiba rufin asiri ce. Buzu in ya sauko daga daji da bisashensa, gidan mai tumbi yake nema, don ya san can ba a kwana da yunwa. Wanda ya saba hawa doki kuwa, in aka gan shi yana kirɓar rairayi da ƙafa, ba mai cewa magani yake sha, cewa za a yi ya karye. Ka tuna da rigar Baba, ta saƙi mai aska takwas. Ni na karɓe ta da hannuna ran da aka kawo ta daga dajin Azagor, kana ɗan ƙarami ba ka san abin da ake ciki ba. Na ajiye ta a ƙasan adaka shekara da shekaru, na hana kawunnanmu, har ka girma ka cika ta. Ran da na fara ganin ka a cikinta, wallahi Baba na gani yana tafe. Yanzu so kake ka zube ka bar ta tana lilo a jikinka?

Ka faɗa mini gaskiya, don raina bai kwanta ba. Fataucin ne ya karye kake ɓoyewa a bayan likita? Ka sayar da dokin? Ko hannun Ladidi ne ya fara ƙanƙancewa? Ko wanne ne cikinsu, da gyara, muddin na sani.

Ga nakiya nan da alkaki na ba Tanimu mai kamyo, babbar motar kayan nan, ninkin na bara. Da zumar Zazzau na yi su. Ka ci, ka sha ruwa da su, ka rubuto mini ka ce ka ci. Wasalam.

*

Dakoro, bayan Ƙaramar Salla

Zuwa ga Yaya Furera, daga Sha'ibu. Barka da shan ruwa, barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Allah ya sauƙaƙa gwiwoyin. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, manoma suna gyaran gona. Ki gafarce ni da jinkiri, azumi ne ya sha kaina.

Yaya, fatauci bai karye ba. Rumbunana cike suke, doki yana nan ya yi ƙiba har ya fi ni kyan gani. Hannun Ladidi kuma bai ƙanƙance ba, baƙi da yara suna cin mai yadda suka saba. Akushina kaɗai ne ya shiga uku. Furata yanzu da tsala ake damawa, nonon da aka cire wa mai, ba sukari. Tuwo malmala ɗaya da miyar kuka, sai kwaɗon zogale cike da ƙwarya, sai nama ja in an samu. Kwanakin farko har mafarkin balangu nake yi.

Amma kin yi gaskiya a kan mutane. Ran da na fara tafiyar, Rabo mai jakai ya biyo ni da gudu yana jan jaki, ya ce, "Haba Sha'ibu, in dokin na yam mutu, ɗauki wanga ka hau, ba abin kunya ba na." Na ce doki yana gida. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "To kai mi kai ma Allah?" Wani gardi, ɗan sandan kumandan na bariki, kuma ya yi ta bi na a baya, ya zaci wani abu nake binnewa a daji. Da ya gaji ya tare ni ya ce, "Wai mi kaka biɗa nan kullum da sahe?" Na ce lafiya. Ya girgiza kai ya tafi, na ji ya gaya wa mutane rana ta taɓa ni. A kasuwa yanzu gaisuwar da ake mini ita ce "ya jiki", da murya ƙasa ƙasa.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Da farko kafin in kai rijiyar sai na zauna hutawa, ina haki, ƙafa ta kumbura. Yanzu ina zuwa in dawo fura ba ta gama damuwa ba. Ciwon kan da na ɗauka halitta ce ya tafi. Ina sujada in tashi da kaina, har asham na yi duka a tsaye. Zariyar wandona ta yi tsawo, sai na naɗe ta sau biyu. Lokotoro ya sake ɗaura mini abin nan nasa, ya yi dariya ya buga kafaɗata. Jikina yana ce mini na warke, gari yana ce mini ina mutuwa, ke kuma kina cewa in ci. Wallahi wani lokaci a kan hanyar nan sai in tsaya in rasa wanda zan bi.

Akwai tsoho Mohamed, Buzun Azagor, abokin Baba, da yake sauka wurina. Ya ga na ƙi shayi ya ji haushi, sai na ba shi labarin ƙarar kunne da rufewar ido. Ya ce haka Baba ya yi ta fama kafin ya faɗi a bakin rijiya, yana cikin magana da su Mohamed ɗin, bai ƙara tashi ba. Yaya, ni ban san fuskarsa ba. Da ya rasu, ya tsufa? Ya yi furfura? Ki gaya mini.

Nakiya ta iso lafiya. Na ɗanɗana guda, ta fi ta kowace shekara. Sauran na raba wa baƙi da maƙwabta, sun yi ta sa miki albarka. Kada ranki ya ɓaci.

Rigar Baba kuwa na sa ta ran Idi. Ta ja ƙasa, na taka bakinta na kusa kifewa a gaban jama'a, hular ma tana faɗo mini a kunne. Maɗinkan Dakoro duk sun ƙi taɓa ta, sun ce aikin ya fi hannunsu. Haza wasalam.

*

Katsina, watan Zulƙida

Sha'ibu. Gaisuwa. Ba ni da doguwar magana yau.

Ka raba nakiyata ga baƙi. To, na ji.

Tanimu mai kamyo ya zo nan, na zaunar da shi na ce ya faɗa mini abin da idonsa ya gani. Ya ce, "Wallahi Inna Hurera, na wuce shi bakin kasuwa ban gane shi ba, sai da yai magana. Wuya ya hito, riga na yawo bisa jikinai awa an rataya ta ga icce." Ya ce matan unguwarku duk maganar ke nan a bakin rijiya, wai maigida yana cin ganye kamar akuya, matarsa tana zaune a kan ƙwaryar mai. Na kwana ina juyi. Ɗan Mamani da ganye!

Kai ba ka gani, don wanda ke cikin hayaƙi ba ya sanin ya yi wari. Ko dai an juya maka kai da wani abu a cikin miyar nan, ko kuwa rowa ce ta samu likita ya ba ta gindin zama. Macen kirki in mijinta ya ce ba ya cin mai, sai ta zuba masa a ɓoye. Ita kuwa ɓoye ƙwaryar ta yi. Man da take hana ka, ina yake zuwa?

Ni na taka har Ajekoriya na nemo maka Ladidi, ni na ɗaura, ni zan kwance. Ka mai da ita gidan ubanta kafin a yanke gero. In ka kasa, hanya tana bushewa zan zo da kaina in haɗa mata kayanta, in tsaya a kan tukunyarka har ka dawo mutum. Kuma kada in ƙara ganin takardarka sai wadda za ta ce mini ta tafi. Na gaji da jin labarin rijiya da zariya. Wasalam.

*

Katsina, ƙarshen watan Layya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Furera zuwa ga Ladidi a Dakoro. Malam Bubakar yana rubutawa, ni ina faɗa ina kuka, in maganar ta rikice ki haɗa da kanki.

Rigar Baba ta iso. Wani mai raƙumi da ban sani ba ya sauke ta a zaure, a naɗe cikin farin ƙyalle, da hula a tsakiya. Ya ce daga gidan Sha'ibu na Dakoro, an ce ni na san abin da zan yi da ita. Ban tambaye shi komai ba, don ba sai na tambaya ba. Mutanenmu na daji ba su aiko da mutuwa da baki. Rigar mutum da hularsa suke naɗewa a farin ƙyalle su kai wa wanda yake babba a gidan. Haka aka kawo mini ita ran da Baba ya faɗi, ina budurwa. Riga ɗaya, sau biyu, a hannuna.

An yi zaman makoki a nan, an yi sadakar uku da ta bakwai. Kamyo ba ya wuce gulbi saboda ruwa, ni kuma gwiwa ba ta hawa doki, shi ya sa na aiko Cindo ƙanen maigidana ya tsaya a madadina ya ga kabari.

Ladidi, ban san me zan ce miki ba. Ta'aziyya ta kamata, amma zuciyata ba ta ba ni. Na ba ki shi da wuyansa da tumbinsa, kin mai do mini da riga. Na yi ta faɗa, na yi ta aike, ba wanda ya ji. Kun bi maganar baƙo kun ƙarar da shi da ganye da tafiyar ƙasa har ya zube. Ki zauna ki yi takabarki a ɗakinsa, wannan hakkinsa ne. In kin fita, yaran za su dawo wurina, ke kuma ga hanyar Ajekoriya nan.

Amma don Allah ki gaya wa Cindo abu biyu ya kawo mini. Da yunwa a cikinsa ya tafi? Ko an samu wani ya ba shi ɗan abin da ransa yake so, ko loma ɗaya? Kuma ya ambace ni? Maganata ta ƙarshe gare shi ita ce kada ya ƙara rubuto mini, ya kuwa yi biyayya, tun yana yaro haka yake. In na rufe ido ita nake ji. Allah ya jiƙan ƙanena, Allah ya sa ya huta.

*

Dakoro, farkon watan Cika-ciki

Zuwa ga Yaya Furera, daga Ladidi, limamin unguwarmu ne ya rubuta. Ina durƙushe ina gaishe ki. Kafin komai: maigida yana da rai. Lafiyarsa lau. Yanzu haka yana gona, da ƙafa ya tafi.

Cindo zai ba ki nasa labarin, amma ban san ko zai faɗi duka ba. Da sassafe ya iso ta hanyar tsohuwar rijiya, sai ga maigida tafe shi kaɗai cikin farar taguwa, ya ɗaga hannu ya kira sunansa. Cindo ya saki linzami ya faɗo, ya tashi ya yanki gonar mutane yana salati. Maigida ya bi shi a guje yana cewa ya tsaya. Ya kuwa cim masa, Yaya. Mutumin da bara ba ya iya ɗaura takalminsa.

Maganar riga ga yadda take. Ya ce kin hana shi takarda amma ba ki hana shi aike ba, kuma rigar Baba ba mai sa mata almakashi sai da izininki. Ya ce a kai miki, ki ba maɗinkin da kika yarda da shi ya rage ta, ke kin san wanda ya iya. Da baki aka ba da saƙon. Mai raƙumin farko ya tsaya a Maraɗi ya ba wani, ashe rabin maganar ta zube a hanya. Farin ƙyallen kuwa ni na naɗe, don kada ruwa da ƙura su taɓa aikin. Mu manoma ne, ban taɓa jin wannan al'ada ba, shi ma bai san ta ba. Ki yafe mana kwanakin da kika yi kina kuka.

Da liman ya karanta takardarki, maigida ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da aka zo wajen loma ɗaya, sai ya ja rawani ya rufe fuska ya shige ɗaki. Bai ci komai ba ranar.

Yanzu ki ba ni izini in yi tawa maganar, don ban taɓa yi ba. Man da kike tambaya yana nan, yaranku da baƙinsa suke ci, ko ludayi ban sayar ba. Kina tsammani daɗi nake ji? Ni ce nake zuwa rijiya mata su yi shiru in na iso. An yi mini waƙa a wajen daka, wai Ladidi mai miyar akuya. Uwata ma ta aiko daga Ajekoriya tana tambaya ko haka ta koya mini. In na ajiye masa akushin nan ya buɗe ya dube ni, sai in koma madafa in share hawaye. Sau da yawa na ɗauko ƙwaryar in zuba masa a ɓoye, kamar yadda kika ce macen kirki take yi.

Abin da ke hana ni, ni na ga yadda aka shigo da shi ran Juma'ar nan. Fuska ta yi baƙi, baki ya karkace, yana kallona bai san ni ba. Ke kin ga riga, ni mutumin na gani. Ban san karatun lokotoro ba, ban san yadda yunwa take zama magani ba. Na dai ga yana tashi daga sujada ba mai kama shi, yana ɗaukar autarmu a wuya ya zaga gida da ita.

In kin zo kin ce in tafi, ke uwa ce a gidan nan, zan ɗauki kayana. Amma ki bar wadda za ta zo ta riƙa dama masa da tsala. Ni dai gara a ce mini marowaciya da a ce mini Allah ya ba ki haƙuri. Kin ɗanɗana wannan gaisuwar kwanan nan, kin san nauyinta. Haza wasalam.

*

Katsina, bayan Cika-ciki

Daga Furera zuwa ga Sha'ibu, mamacin da ke tsere da mutane a gona. Gaisuwa. Muna lafiya, in ban da kunya.

Kai, ka cuce ni! Na tara unguwa guda sun ci shinkafar mutuwarka, na yanka ragon da nake kiwo, mata sun zo daga Jibiya sun kwana suna taya ni kuka. Yanzu gida gida nake aikawa a ce a yi haƙuri, bai mutu ba. Wata tsohuwa ta ce to sai a mai do mata da hawayenta. Na tambayi Malam Bubakar ina addu'o'in da aka yi maka za su tafi, ya ce Allah ba ya ɓatar da ajiya, za ka tarar da su. Ka ga ka ci riba kana zaune.

Da Cindo ya shigo yana dariya na zaci ya haukace. Da aka karanta mini takardar Ladidi na faɗi na yi sujada a tsakar gida, kuma ka ji abin mamaki, ni ma sai da mata biyu suka ɗaga ni. Na zauna a nan ƙasa ina ta tunani.

Ka tambaye ni wani abu tun bayan azumi na ƙi ba ka amsa. Ga ta. Baba bai tsufa ba. Ko silin furfura ɗaya babu a gemunsa. Bai wuce shekarunka na yanzu da yawa ba. Mun ce aljanun rijiya ne, mun ce baki ne, mun yi ta yabon girman jikinsa, ba wanda ya ce komai a kan ƙarar kunne, alhali ni na sha dafa masa kai da tsumma mai sanyi. Ya cika rigar, gaskiya ne. Amma ni ban taɓa ganin namijin gidanmu ya tsufa ba, Sha'ibu, kuma ina so in gani.

Har yanzu ban gane wannan magani ba, kuma ban yarda ɗan mutum ya ci ganye ya ce ya ƙoshi ba. Amma na gwada mutuwarka, ban so ta ba. Ka ci gaba da zuwa rijiyarka. Ran Cika-ciki na so in aiko a ce ka cika ciki ko na yini ɗaya, sai na fasa. In ka tsaya a rabi, laifin a wuyana.

Ladidi ta zauna a ɗakinta. Ka gaya mata na janye maganata duka, kuma abin da na faɗa mata ina cikin kuka ya fi ƙarfin a ce yi haƙuri, amma ta yi. Ga turmin zane nan nata ne, da nakiya cikin ƙaramin kwano, ita ma tata ce, kada ka kai hannu. Duk matar da ta sake yi mata waƙa a wajen daka, a ce mata ina zuwa da kaka. Kuma ta aiko mini da yadda take kwaɗon nan, ba don ni ba, wata ce a nan gwiwa take damun ta.

Riga na kai wa tsohon maɗinki na Ƙofar Guga. Na tsaya a kansa har ya gama, aska takwas ɗin ba a taɓa ko ɗaya ba. Da ya sa almakashi na kau da kai. Abin da ya cire ya isa taguwar yaro, na sa an ɗinka wa ɗanka. Ga ta nan tafe a cikin jan zane, na duba da kyau ba fari ko zare ɗaya.

Ka rubuto mini, na ɗage hanin. Rigar nan kuwa, kada in ƙara ganin ta sai a jikinka. Wasalam.